Throbbing Gristle: tambayoyi da amsoshi kan mutum huɗun da suka mai da ƙarar inji kiɗa

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da injin markaɗe, ko ya yi maƙwabtaka da janareta mai tari, ya san akwai ƙarar da ke shiga kai ta ƙi fita. A tsakiyar shekarun 1970 wasu mutum huɗu a Landan suka ce irin wannan ƙarar ce kiɗan da ya dace da zamaninsu, suka buga ta a faifai suka sayar. Sunan ƙungiyarsu Throbbing Gristle, ana taƙaita shi TG. Daga hannunsu sunan kiɗan masana'antu ya fito.

Su wane ne waɗannan mutane?

Maza uku ne da mace ɗaya: Genesis P-Orridge, Cosey Fanni Tutti, Chris Carter da Peter Christopherson, wanda abokansa ke kira Sleazy. Biyun farko ba sunayen yanka ba ne. Genesis da Cosey sun haɗu ne a Hull, garin tashar jiragen ruwa da kamun kifi a arewa maso gabashin Ingila, inda aka kafa ƙungiyar wasan fasaha mai suna COUM Transmissions a 1969. A 1973 suka tattara komatsansu suka koma unguwar Hackney a gabashin Landan. A can suka gamu da Christopherson, mai aiki da kamfanin Hipgnosis da ke tsara bangon faifan manyan makaɗa irin su Pink Floyd da Led Zeppelin, suka kuma gamu da Carter, wanda ya yi aikin sauti a gidajen talabijin kuma ya iya harhaɗa kayan lantarki da hannunsa. A 1975 suka kafa TG.

Babu ko ɗaya a cikinsu da za a kira ƙwararren makaɗi a wancan lokacin, kuma ba su ɓoye hakan ba, alfahari ma suke yi da shi. Sunan ƙungiyar kuwa kalmar batsa ce a bakin mutanen Yorkshire, yankin da garin Hull yake. Mu bar ta a nan.

Me ake nufi da kiɗan masana'antu?

Sunan ya samo asali ne daga kamfanin faifai da suka buɗe wa kansu a 1976, Industrial Records. Wani abokinsu Ba'amurke, Monte Cazazza, shi ya yi musu kirarin da ya bi su har yau: kiɗan masana'antu domin mutanen masana'antu.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Kiɗan rok da Turawa ke ta bugawa ya samo tushe daga waƙoƙin baƙaƙen fata na gonakin kudancin Amurka. Su kuwa TG a gari suka tashi, cikin hayaƙi da ƙarar jirgin ƙasa da masana'antun da ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. To don me za su ari muryar wata rayuwa da ba su yi ba? Ingila ta lokacin ba ta da daɗin zama. A farkon 1974 gwamnati ta taƙaita wa kamfanoni wutar lantarki zuwa kwana uku a mako. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari. A 1976 ƙasar ta je neman rance wurin Asusun Lamuni na Duniya, IMF. Ɗakin da suke aiki a titin Martello, a Hackney, suna kiransa masana'antar mutuwa.

Akwai kuma ba'a a cikin sunan. Suna nufin harkar kiɗa ita kanta ta zama masana'anta, ana fitar da waƙa kamar yadda ake fitar da sabulu.

Su ne suka fara mai da hayaniya kiɗa?

A'a, an riga su nesa ba kusa ba. Tun 1913 wani ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta takardar kira ga makaɗa su rungumi ƙarar injuna, ya ma ƙera akwatunan da ke fitar da ita. A 1948 Pierre Schaeffer a gidan rediyon Faransa ya fara yanka sautukan da aka naɗa yana haɗa su, har da na jirgin ƙasa. A Jamus, Kraftwerk na Düsseldorf sun riga su shiga harkar kiɗan lantarki. A Sheffield, garin ƙarfe, ƙungiyar Cabaret Voltaire ta fara wasa da rikoda tun 1973. Dabarar yanka magana a sake jera ta kuwa daga marubuci William Burroughs da abokinsa Brion Gysin 'yan TG suka ɗauko ta, ba su kuma taɓa musantawa ba. Kamfaninsu ma ya fitar da faifan tsoffin naɗe-naɗen Burroughs a 1981.

Abin da TG ta yi shi ne ta sa wa abin suna, ta ba shi tambari da tufafi da kamfani da adireshin da za a aika wasiƙa. Abu in ya samu suna, ya samu mabiya.

Me ya faru a 1976 da ake yawan ambata?

A watan Oktoba na shekarar, COUM ta yi baje kolin ƙarshe a cibiyar fasahar zamani ta ICA a Landan, daf da fadar Buckingham. Karuwanci suka sa wa baje kolin suna, kuma abin da aka rataye a ciki ya haɗa da hotunan tsiraici na Cosey daga mujallun batsa da ta yi wa aiki da gangan a matsayin wani ɓangare na fasaharta. A daren buɗewa TG ta yi wasa. Jaridu suka yi ca, musamman da aka gano COUM ta taɓa cin tallafin kuɗin gwamnati. Wani ɗan majalisa na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, Nicholas Fairbairn, ya kira su masu rusa wayewar ɗan Adam. Maganar ta kai har zauren majalisa.

Zagin ya zame musu talla kyauta. Yau shekara kusan hamsin ke nan, da wuya a rubuta labarinsu ba a kawo wannan laƙabin ba.

Da wane irin kaya suke yin kiɗan?

Nan ne labarin ya fi daɗi. Kayan kiɗan lantarki a lokacin tsada gare su, sai manyan makaɗa ko jami'o'i. Carter ya ƙera nasu. Mafi shahara shi ne wani ɗan akwati mai 'yan maɓallan murɗawa da suka sa wa suna Gristleizer, wanda ya haɗa bisa wani zane da Roy Gwinn ya buga a mujallar masu sha'awar haɗa kayan lantarki. Aikin akwatin shi ne ya karɓi sauti mai tsabta ya daddatse shi, ya sa shi rawar ɗari, ya fito da shi yana kakkarwa kamar fankar da ta kusa mutuwa. Kowannensu ya samu nasa. Murya ta bi ta ciki, jita ta bi ta ciki, komai ya bi ta ciki.

Cosey tana riƙe da jita mai araha, amma maimakon ta kaɗa ta yadda aka saba, sai ta riƙa goga mata ƙarfe tana jan sautin kamar ana zuge ƙofar kwano. Tana kuma busa ƙaramin ƙahon tagulla. Genesis na buga jitar bes da gogen Turawa, shi ne kuma mai murya, wani lokaci raɗa, wani lokaci ihu. Christopherson shi ne mai kaset. Ya jona rikodoji da yawa da maɓallai, ya cika su da maganganun mutane da ya naɗo daga rediyo da talabijin da titi. In ya danna maɓalli, muryar wani baƙo ta faɗo tsakiyar kiɗa ta ɓace. Yau yaro mai waya yana yin wannan da yatsa ɗaya, amma a 1977 na'urar yin haka ba ta yaɗu ba tukuna.

Yaya wasansu yake a gaban jama'a?

Ba wurin shaƙatawa ba ne. Sukan ajiye agogo su yi awa ɗaya, in lokaci ya cika a yanke, ko ana tsakiyar me, kamar ma'aikacin da aka busa wa tashi. Sukan juya fitilu masu kashe ido su haska fuskar masu kallo, yadda mai kallo zai koma abin kallo. Ƙarar kuwa a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Wasu su fice, wasu su yi jifa, wasu su tsaya ƙyam.

Wasannin da suka yi tsakanin 1976 da 1981 ba su kai arba'in ba, kuma kusan duka sun naɗe su. A 1980 suka tara awa 24 na wasanninsu a kaset, suka zuba a jakar hannu irin ta ma'aikatan ofis suka sayar wa masu so. A shekarar ne kuma suka yi wasa a makarantar kwana ta Oundle, gaban ɗalibai yara maza, bisa gayyatar wani ɗalibi. Da ganin hotunan ranar, malaman ba su san abin da suka buɗe wa ƙofa ba.

Me ya sa ake yawan maganar sunayen faifansu da bangonsu?

Domin tarko ne kowannensu. Faifansu na farko, na 1977, sun kira shi The Second Annual Report, wato rahoton shekara na biyu, alhali ba a fitar da na farko ba. Kwafi 785 kawai suka buga, iya abin da kuɗinsu ya kai ke nan, a farin bango kamar fayil ɗin ofis. Na 1978, D.o.A, sun ce shi ne rahoto na uku kuma na ƙarshe, amma ba na ƙarshen ba ne. A cikinsa suka saka saƙonnin barazanar kisa da mutane suka bar musu a waya. Waƙarsu United, wadda ita ce ta ɗan samu karɓuwa a lokacin, sun sa ta a faifan amma sun ƙara mata gudu har ta ƙare cikin daƙiƙa 16. Wanda ya sayi faifan dominta ya sha mamaki.

Na 1979 shi ya fi. Sunansa 20 Jazz Funk Greats, wato fitattun waƙoƙin salon jaz da fank guda 20, amma waƙoƙi 11 ne a ciki, kuma babu jaz ɗin kirki ko ɗaya. A bangon, ga su huɗu tsaye cikin ciyawa da furanni, sanye da kayan mutunci, suna ɗan murmushi, ga mota a gefe, kai ka ce faifan waƙoƙin hutun ƙarshen mako ne da ake zubawa a kwandon rangwame. Wurin da suke tsaye kuwa Beachy Head ne, wani gangaren farin dutse a bakin teku a kudancin Ingila, wanda duk ɗan ƙasar ya san shi da masu zuwa su halaka kansu. Wanda bai sani ba ya ga furanni. Wanda ya sani, cikinsa ya ɗuri ruwa. Hoto ɗaya ne, abin da ke kan mai kallo ne ya bambanta, kuma duk aikin TG a kan wannan yake tafiya.

Ana cewa sun yi amfani da alamomin 'yan Nazi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne sun yi wasa da wuta. Tambarin Industrial Records hoton wani gini ne mai dogon bututun hayaƙi, da yawa suka ɗauka wata masana'anta ce a Landan, ashe a Auschwitz aka ɗauke shi, sansanin da 'yan Nazi suka hallaka ɗimbin mutane a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun sa kakin soja, sun yi tambarin walƙiya, sun yi waƙoƙi kan masu kisan gilla da kan wata mata da ta ƙone ƙurmus tana kwance a asibiti. Hujjarsu ita ce suna nuna wa jama'a abin da wayewar masana'antu ke iya aikatawa, da yadda tambari da kaki da taken da ake maimaitawa ke juya tunanin mutane. Ba su kasance 'yan wata jam'iyyar wariyar launin fata ba.

Ni dai ban ga hujjar ta wanke su duka ba. Wanda aka kashe wa iyaye a sansanin ba zai ga darasi a tambarin kamfanin faifai ba. Sannan ga abin da ya biyo baya: ɗimbin masu kwaikwayo da suka ɗauki hotunan gawa da kakin soja suka bar tunanin a baya, wasunsu ma suka zarce cikin aƙidar da gaske. Wannan ma gado ne, kuma TG na da kaso a ciki.

Me ya raba su, kuma ina kowa ya nufa?

Zaman ya daɗe da tsami. Cosey, wadda a da suke soyayya da Genesis, ta rabu da shi ta koma tare da Carter, amma aka ci gaba da aiki a ɗaki ɗaya. Ga shi kuma sun fara zama abin da suka ƙi, wato ƙungiyar da ke da masoya masu jiran a buga musu waƙar da suka sani. Wasansu na ƙarshe a San Francisco aka yi shi, ranar 29 ga Mayu 1981. Daga nan suka aika wa mabiyansu katin gidan waya cewa aikin ya ƙare.

Carter da Cosey suka ci gaba da suna Chris & Cosey, suna yin kiɗan lantarki mai laushi da bugu, wanda masu kiɗan rawa suka yi ta ɗiba daga baya. Genesis da Christopherson suka kafa Psychic TV. Ba a jima ba Christopherson ya fice ya haɗu da John Balance a ƙungiyar Coil, wadda wasu ke ganin ta fi TG ɗin kanta zurfi, har rasuwar Balance a 2004. A gefe guda Christopherson ya zama mai shirya bidiyon waƙa, ya yi wa ƙungiyoyin Amurka Nine Inch Nails da Rage Against the Machine aiki.

To wa suka yi wa tasiri?

Zuriyar ta rabu gida-gida, kuma ba kowane gida ne ke gaisawa da ɗan'uwansa ba.

Akwai masu dukan ƙarfe. Einstürzende Neubauten na Berlin ta Yamma, da aka kafa a 1980, da guduma da injin fasa kwalta da tarkacen bola suke hawa dandamali. A Janairun 1984 wasu daga cikinsu, tare da Genesis, suka fara haƙa dandamalin ICA ɗin nan da injin huda, sai da aka tsai da wasan. Test Dept na Landan suna dukan ganguna na mai da ƙarafunan jirgin ƙasa, kuma a yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 sun fitar da faifai tare da ƙungiyar mawaƙan mahaƙa ta kudancin Wales don tara musu kuɗi. Wanda ya taɓa jin mata na lugude a turmi, ko maƙera biyu na karɓa-karɓa a kan uwar maƙera, ba zai yi mamakin yadda aiki ke zama kiɗa ba. Bambancin kawai, waɗannan aikin da suke kwaikwayo yana mutuwa ne a gaban idonsu.

Akwai masu hayaniya zalla, irin Whitehouse a Ingila da Merzbow a Japan, waɗanda suka cire ɗan abin da ya rage na kari suka bar ƙara tsagwaronta.

Akwai waɗanda suka kai abin filin rawa: Front 242 a Beljiyam, Nitzer Ebb a Essex, Skinny Puppy a Vancouver ta Kanada. Kamfanin Wax Trax! na Chicago shi ya yaɗa irin wannan a Amurka. Daga baya masu kiɗan tekno na Birmingham, irin Regis da Surgeon, suka ɗauki taurin sautin suka shigar da shi gidajen rawa, har Berlin, inda shahararren gidan rawa na Berghain yake cikin tsohuwar tashar wutar lantarki.

Reshen da ya fi ba ni sha'awa shi ne na fina-finai. Chris Watson, ɗaya daga cikin ukun da suka kafa Cabaret Voltaire, ya bar ƙungiyar a 1981, daga baya ya zama mai naɗar kukan tsuntsaye da namun daji, har a shirye-shiryen talabijin na David Attenborough, shahararren mai gabatar da shirye-shiryen namun daji. Shi ne ya raka Hildur Guðnadóttir, 'yar Iceland wadda ta taɓa aiki da TG, zuwa wata tsohuwar tashar nukiliya a Lithuania, suka naɗo ƙarar ƙofofi da bututu da ɗakunan injuna. Da waɗannan sautukan ta gina kiɗan Chernobyl, shirin talabijin na 2019 kan hatsarin tashar nukiliya mai wannan suna. Miliyoyin da suka kalli shirin sun saurari kiɗan masana'antu ba tare da an gaya musu sunansa ba.

Nine Inch Nails da Rammstein fa, su ma kiɗan masana'antu suke yi?

A bakin yawancin mutane yau, su ne ma kiɗan masana'antun. 'Yan ƙungiyar Ministry ta Chicago suka haɗa injin bugu da jitar rok mai nauyi a ƙarshen shekarun 1980. Trent Reznor ya kafa Nine Inch Nails a Cleveland a 1988, faifansa na 1994 ya sayar da miliyoyi, ya ci kyautar Oscar a 2011 kan kiɗan fim, aka kuma shigar da ƙungiyarsa zauren karrama makaɗan rok a 2020. Rammstein na Berlin suna cika filayen ƙwallo.

Tsoffin mabiyan TG sukan taɓe baki su ce wannan rok ne ya ari rigar ma'aikaci. Akwai ƙamshin gaskiya: TG ta tashi ne don ta rusa tsarin tauraro a sama, masoya a ƙasa, su kuwa waɗannan a kansa suke zaune. Amma Reznor bai taɓa ɓoye inda ya sha ruwa ba. Ya ba Coil waƙoƙinsa su sake haɗawa, ya ɗauki Christopherson aiki. Yara da dama ta ƙofarsa suka shiga har suka isa ga faifan TG na 1977.

Mene ne babban abin da suka bari?

A ganina, yadda suka gudanar da harkarsu ya fi sautin nasu yaɗuwa. Mutane kaɗan ne ke sa faifan TG su saurara don nishaɗi. Amma dubi abin da suka yi da hannunsu: suka naɗi kiɗansu a ɗakinsu, suka tsara bango, suka biya kuɗin bugawa, suka riƙe haƙƙin mallakarsu, suka buga takardar labarai, suka amsa wasiƙun mabiya, suka sayar da kaset ta gidan waya. Suka kuma fitar da aikin wasu, irin Cabaret Voltaire da Clock DVA da SPK. Daga nan aka samu wata duniyar musayar kaset a shekarun 1980, inda wani a ƙauyen Beljiyam ke aika wa wani a Osaka ta Japan abin da ya naɗa a ɗakin kwanansa. Mai haɗa kiɗa a kwamfuta yau ya ɗora a intanet ba tare da ya nemi izinin kowa ba, hanyar da suka share yake bi, ko bai taɓa jin sunansu ba.

Sun sake haɗuwa?

Sun haɗu a 2004, bayan shekara 23. Suka fitar da sabon faifai a 2007, suka yi wasa a babban zauren Tate Modern, gidan adana kayan fasaha a Landan, wanda shi ma tsohuwar tashar wutar lantarki ce, suka je bikin kiɗa na Coachella a Amurka a 2009. Waɗanda aka kira masu rusa wayewa sai ga su a gidajen adana kayan fasaha ana tafa musu. A Oktoban 2010 Genesis ya janye ana tsakiyar rangadi. Wata guda bayan haka Christopherson ya rasu a Bangkok. Carter da Cosey suka ƙarasa aikin da ya bari, suka fitar da shi a 2012 da sunan X-TG. Genesis ya rasu a New York a watan Maris na 2020, bayan fama da sankarar jini.

Akwai wani abin da ya kamata mai karatu ya sani game da zamansu?

Akwai. A 2017 Cosey ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, inda ta zargi Genesis da duka da danniya a shekarun da suka yi tare. Genesis ya musanta. Littafin ya canza yadda ake ba da labarin ƙungiyar, domin shekara da shekaru Genesis ne mai magana da 'yan jarida, aka riƙa ɗaukar sauran ukun kamar 'yan rakiya. Yanzu an fi gane cewa akwatunan Carter da kaset ɗin Christopherson da jitar Cosey su ne sautin da ake ta kwaikwayo. Ƙungiyar da ta yi ta wa'azi kan yadda mai iko ke juya mutane, ga zargin irin wannan a cikin gidanta.

Ta ina zan fara saurare?

Fara da 20 Jazz Funk Greats, shi ya fi sauƙin shiga kunne, akwai ma inda za ka iya gyaɗa kai. In ka jure, koma D.o.A. Ka bar na 1977 sai ƙarshe, kuma kada ka sa shi da dare kai kaɗai in kana da saurin firgita. Kamfanin Mute ya sake fitar da su duka, suna nan a manhajojin sauraren kiɗa. Lasifikar waya ba za ta fito da ƙasan sautin ba, nemi abin sawa a kunne, ka rage ƙara kafin ka danna.